Yaya, Ɗan Aike Ya Tsaya

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Umma. Tun da masu gaisuwar rasuwarki suka ragu, Yaya, kullum da safe kafin a fara motsi a gida nakan fito falo in tada Ɗan Aike, injin da kika haɗa wa Baba, in tsaya ina jira ko layinki na gwaji zai fito daidai. Bai taɓa fitowa daidai ba. Sai in yage takardar, in naɗe ta, in sa a aljihu, in koma ɗaki kamar ban fito ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa yayata rasuwa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a asibiti, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta bar mahaifinmu da mahaifiyarmu, da wanmu da yake aiki a wata ƙasa mai nisa, da ni, autar gidan. Ba ta kai shekara talatin ba. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta ne, wato jera wa na'ura umarni ɗaya bayan ɗaya har ta yi abin da ake so.

Ni karatuna bai yi nisa ba, ban daɗe da gama firamare ba. Ban iya magana a gaban mutane ba. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinki da yawa, ni kuwa ina bayan labule ina ji, ban ce komai ba. Shi ya sa nake rubutawa. Idan na yi kuskure, ke kin saba da kurakuraina.

Dole in fara da Baba, domin wanda bai san halin da yake ciki ba, ba zai gane abin da kika yi mana ba. Baba ya yi shekaru masu yawa yana aiki a maɗaba'a, a tsakiyar manyan injunan buga littattafai. Ƙararsu ce ta ci kunnensa a hankali, har ya zama ko an buga ƙofa a bayansa ba ya waiwayowa. An gwada masa abin ji na maƙalawa a kunne, bai yi amfani ba. Idanunsa ma sun raunana. Hasken waya yana sa su ruwa, ƙananan rubutu kuwa ya ce kamar tururuwa suke masa yawo. Mutumin da a da shi ne mai hirar gidan ya koma zama a kujerarsa ta jikin taga yana bin bakunanmu da ido. In aka yi dariya sai ya yi murmushi shi ma, a makare, don kada a ce an bar shi a baya.

Ke ce kika fara cewa wannan murmushin ya ishe ki.

Wata rana kika dawo daga aiki da kwali a hammata. A ciki akwai ƙaramar firinta irin ta kanti, mai fitar da rasit a siririyar takarda. Kin saye ta ne a hannun wani mai kanti da yake rufewa. Umma ta leƙa kwalin ta ce, "Kanti za ki buɗe mana a falo?" Kika ce, "Kunne na sayo wa mijinki." Kika ɗauko tsohuwar kwamfutarki ta ɗorawa a cinya, mai tsagaggen murfi, kika ajiye su tare a kan ƙaramin teburin da yake kusa da kujerar Baba. Nufinki shi ne duk abin da aka rubuta a kwamfutar, ko aka aiko ta waya daga nesa, ya fito a takarda da manyan baƙaƙe, Baba ya yaga ya karanta.

A baki abin ba shi da wuya. A aikace kuwa ya ci miki makonni. Da farko firintar ta ƙi motsi. Da ta motsa, sai ta fitar da rubutu ƙanana kamar na jikin kwalbar magani. Kika sa manhajar ta riƙa zana haruffan da girma kafin ta tura. Suka fito manya, amma duk inda harafi mai ƙugiya yake, sai wani ɗan akwati ya tsaya a wurinsa, ba komai a ciki. Baba ya karɓi takardar, ya ciro biro daga aljihun gaba kamar yadda ya saba a wurin aiki, ya zagaye kowane akwati, ya miƙo miki. Ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa, "Injiniya, da a wurinmu ne da an kore ki." Kika buga masa amsa nan take, ta fito da akwatinta a ciki: ba a korar wanda ba a ɗauka aiki ba. Ranar na ji dariyar Baba ta gaske, wadda na manta yadda take.

Ni a lokacin nakan zauna a ƙasa kusa da ƙafarki da littafina a buɗe, kamar aikin makaranta nake yi. Kin san idan kika juyo kika kalle ni zan gudu, don haka allon kwamfutar kike yi wa bayani, ni kuma ina ji. Kika ce masa akwati ba abin tsoro ba ne. Ma'anarsa injin ya gane harafin, bai dai iya zana shi ba, sai a nemo masa salon rubutun da yake da shi. Kika nemo. Bayan kwana biyu kuma kika canza wani abu, sai ayoyin tambaya suka cika takardar. Wannan kam kin ɓata rai. Kika ce ayar tambaya ta fi akwati muni, domin tana nufin an jefar da harafin tun a hanya, abin da ya iso ba shi da sauran alamarsa, ba kuma mai dawo da shi.

Na ukun shi ne wanda ya fi ba ni dariya a lokacin. Harafi ɗaya sai ya rabu ya zama wasu baƙin alamu guda biyu da ba mu taɓa gani ba. Ranar ce kaɗai kika juyo kika yi mini magana kai tsaye, kuma ban gudu ba. Kika ce, "Auta, kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Kamar in ce ki ɗauko mini abin da ke durowa ta uku, ina nufin teburin ɗakina, ke kuma ki tafi na kicin. Lamba ɗaya ce. Amma ni almakashi nake so, kin kawo mini cokali." Kika ce mai aikowa da sabon tebur yake rubutawa, babba, wanda yake da wuri ga haruffan duk duniya, injinmu kuwa tsohon ƙaramin tebur yake buɗewa. "Amma kin ga wannan, ba abin da ya ɓata. Almakashin yana nan a inda yake. A gaya masa teburin da zai je kawai."

Kina da yadda kike aiki, kuma ba kya karya shi ko kina sauri. Abu ɗaya kike canzawa, ki buga, ki duba. Ba kya taɓa biyu a lokaci guda. Kin ce wanda ya canza biyu, ko ya gyaru bai san abin da ya gyara ba. Idan jan rubutu ya cika allo kuma, ba kya rufewa. Sai ki matso da fuska ki karanta shi har ƙarshe. Kin ce mini jan rubutu ba zagi ba ne, injin ne yake gaya miki inda yake masa ciwo.

Kuma kina da layin gwaji. Kina son jimla ɗaya gajera wadda haruffa masu ƙugiya duk suke ciki, don da kallo ɗaya ki san lafiyar injin. Kina cikin nema ne aka yi sallama a ƙofa, baƙi suka shigo, ni kuma na tashi na shige ciki kamar yadda na saba. Da na fito na tarar da takarda a kan littafina:

Ƙanwata ta ɓoye a ɗaki.

Na yi fushi da ke har washegari. Ba ki ba ni haƙuri ba. Kika sa layin a cikin manhajar, ya zama duk lokacin da aka tada ta, shi take fara bugawa kafin komai.

Ranar da komai ya daidaita, Baba ya riƙe takardar a hasken taga, biro a hannu, ya bi ta sama da ƙasa bai sami abin zagayewa ba. Ya mayar da biron aljihu. Ya dafa firintar ya ce, "Injin buga takarda ne ya cinye mini kunne. Yau ga jikansa ya zo biyan laifin kakansa." Shi ne ya raɗa masa suna Ɗan Aike.

Daga nan gidanmu ya canza. Kika haɗa shi da wata lamba, kika rarraba wa wanmu da dangi da tsofaffin abokan aikin Baba. Saƙo yakan faɗo da rana tsaka, Baba ya yaga, ya karanta da ƙarfi ko ana so ko ba a so. Da yamma in kin dawo, ko da gajiya, sai ki zauna a gaban kwamfutar ki riƙa buga hirar da ake yi tana gudana. Ba kya tacewa. Wata rana Umma tana ninke kaya tana ƙunƙuni, wai Baba yana ajiye kofunan shayi a ƙarƙashin kujera kamar kaza tana tara ƙwai. Kafin ta rufe baki takarda ta fito. Baba ya karanta ya ɗago ya ce, "Ashe haka ake cin namana a gabana?" Umma ta jefe ki da matashi ta ce, "Munafuka, wa ya aike ki?" Kika ce, "Ni ma ma'aikaciyar Ɗan Aike ce, Umma, ki kai ƙara wajensa."

Ba na so in rubuta ki kamar wadda ba ta da aibi, don za ki yi mini dariya. Kofunan shayin da ake zargin Baba da su, rabi naki ne. In kina tsakiyar aiki aka yi miki magana, kina iya amsawa da kaifi, sai daga baya ki zo kina lallashi da biskit. Kuma kina da cewa "in na samu lokaci". Takalminki da ya tsinke, likitan ido, labulen ɗakinmu, duk suna jiran ki samu lokaci.

Abin da kika yi mini ni kaɗai, ban san ko kin san girmansa ba. Tun ina ƙarama ban taɓa doguwar magana da Baba ba. Ba tsoronsa nake ji ba. Haka nake da kowa: in ido ya sauka a kaina, maganar sai ta tsaya a wuya. Wata rana ba kya gida, Umma tana kicin, na zauna a gaban kwamfutar. Yadda kika ajiye teburin, mai bugawa baya yake ba Baba. Na daɗe ina neman haruffa da yatsa ɗaya. Na rubuta: Baba, ni ce Auta, kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan tankinmu. Na ji ƙarar takarda tana fita, na ji ya yaga. Bai kalle ni ba. Taga ya kalla ya ce, "Ashe Auta tana da labari. 'Ya'ya nawa?"

Daga baya na gane ke ce kika gaya masa kada ya kalle ni in ina bugawa. Tun daga ranar kullum sai mun yi hira, ni da bayana, shi da tagarsa. Na ba shi labarin malamar da take tsayar da ni a aji in karanta, muryata ta ƙi fita, yara su yi ta dariya. Ya ba ni labarin ranarsa ta farko a maɗaba'a, da ya jera shafi guda a juye. Mutane suna cewa kin mayar wa Baba da kunne. Ba wanda ya lura ni ma kin ba ni baki.

Abu ɗaya ne ya rage ba ki gama ba. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba har kwamfutar ta mutu, ba a tada Ɗan Aike haka kawai. Sai kin buɗe wani baƙin allo kin buga gajeren layi tukuna, sannan ki tada shi. Kin taɓa cewa, "Wannan ɗinkin wucin gadi ne. Ina gaya masa teburin da zai je. Zan ɗinke shi a ciki in na samu lokaci." Sau da yawa na tsaya a bayanki kina bugawa. Yatsunki nake kallo, yadda suke gudu, da ɗan zoben azurfar da yake juyawa a na tsakiya. Ban taɓa kallon allon ba. Me zai sa in kalla, alhali kina nan?

Ciwon ya fara da ciwon kai. Kika ce hasken allo ne. Zazzaɓi ya biyo baya, aka kai ki asibiti, muna ganin kwana biyu za ki yi. Daga kan gado ma kina aiko wa Baba saƙo, kina ce masa katifarsu ta fi tasa laushi, kada ya yi kishi. Ranar da na zo duba ki tare da Kawu, ƙanen Umma, kin rame har zoben ya koma babban yatsa. Kika jawo hannuna kika ce, "Auta, kada a bari kwamfutar falo ta mutu." Kawu ya ce, "Ke dai bar zancen kwamfuta, ki ji da jikinki." Kika buɗe baki kamar za ki ƙara wani abu, sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da allura. Da ta gama kin yi barci.

Ba Ɗan Aike ne ya gaya wa Baba rasuwarki ba. Umma ce ta shigo falo riƙe da takalmanki da jakarki. Ya kalli hannunta, ya kalli fuskarta, ya cire tabarau ya ajiye a cinya.

Gida ya cika. Ni ina ɗaki, ban iya fitowa ba. A cikin kwanakin nan wani ya zare wayar kwamfutar daga soket don a sa caji ko a dafa ruwa, aka matsar da teburin gefe don a sami wurin zama. Ban san ko wane ne ba, ba na kuma so in sani, don ba da mugunta ya yi ba. Da mutane suka ragu na fito, na tarar allon ya yi baƙi, ya yi sanyi.

Na yi duk abin da na iya, Yaya. Na mayar da wuta. Na tada manhajar ta hanyar danna hotonta. Firintar ba ta motsa ba. Na tuna maganarki, ban taɓa komai ba sai abu ɗaya: na duba igiyarta, na ga an mayar da ita wata kafa ba wadda kike sawa ba. Na dawo da ita. Takarda ta motsa. Har na fara jin daɗi, sai ga abin da ya fito:

Æ˜anwata ta É“oye a É—aki.

A ƙarƙashinsa ta buga sunan wanmu, alamar saƙonsa ne na farko a layi. Ya gaya wa Umma ta waya cewa da addu'a ya fara, da rubutun Larabci. Abin da ya fito tarkacen alamu ne, rabin layi, sai firintar ta tsaya cak. Jan rubutu ya cika allo. Na sake tadawa, haka. Kullum a wuri ɗaya yake faɗuwa. Duk saƙon da ya zo bayan wannan yana jira a baya, har wanda na buga da hannuna. Akwai wata lamba a gefen allon mai nuna yawan masu jira. Kullum ƙaruwa take.

Na san ciwon. Ke kika koya mini shi. Ya tafi teburin kicin ne, ba wanda ya gaya masa inda zai je. Maganin ne ban sani ba. Na buɗe baƙin allon, na danna kibiyar sama kamar yadda kike yi don layin baya ya dawo, ba abin da ya dawo. Na rufe ido ina ƙoƙarin ganin yatsunki. Abin da na iya tunawa kawai, akwai lamba takwas a wajen ƙarshe. Na gwada abubuwan da na ƙirƙira da kaina, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa mini da cewa bai gane ba. Na karanta jan rubutun har ƙarshe kamar yadda kika ce, amma Turancinsa ya fi ƙarfina. Na kwafe shi a takarda harafi bayan harafi. Yana gaya mini inda yake masa ciwo, ni ce ba na jin yarensa.

Baba ya koma kallon bakuna. Masu gaisuwa sukan riƙe hannunsa, su motsa leɓe, sannan su juya wajen Umma su yi maganar da ita. Umma rubutunta ba ya sauri. Na samo maka, biron nan mai kaurin rubutu, ina rubuta masa a takarda, amma kafin in gama jimla an wuce zuwa wata maganar, kuma dole in tsaya a gabansa yana kallon hannuna. Abin da nake iya rubutawa bai wuce abinci, magani, wane ya zo ba. Wanmu ya kira ya daɗe yana kuka a waya. Na rubuta wa Baba: yana gaishe ka. Ya juya takardar ya duba bayanta ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Wata safiya ya tambaya, "Mutanen wurin aikinmu, ba wanda ya aiko?" Na rubuta masa: sun aiko, suna ciki, sun maƙale. Ya daɗe yana kallon Ɗan Aike. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Akwai wani abu kuma da Baba ya sani tun farko, don aikinsa ne. Takardar rasit ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne yake fito da rubutun, kuma yana gogewa. Yana ajiye saƙonninki a cikin gwangwanin biskit nesa da rana, amma na farkon sun riga sun dusashe, wasu sun koma fari fat. Wanda kika ce ba a korar wanda ba a ɗauka aiki ba, yanzu zagayen biron Baba ne kawai ya rage a jikinsa. Kin taɓa gaya masa kada ya damu, komai yana ajiye a kwamfutar, duk ranar da ya so za ki sake buga masa.

Abokan aikinki sun zo gaisuwa. A cikinsu akwai wata mai jan tabarau, wadda kike kira Maƙwabciya don teburinta yana manne da naki. Na kawo ruwa kaina a ƙasa. Ta riƙe tiren ta ce a hankali, "Ke ce mai ɓoyewa a ɗaki?" Na ɗago. Ta ce layin nan kike gwada komai da shi a ofis ma, har sun haddace shi, har in wani abu ya gyaru sai su ce ƙanwa ta fito daidai. Tana murmushi hawaye yana zuba ƙarƙashin tabaran. Kwamfutar tana bayanta, taku kaɗan. Takardar jan rubutun tana aljihuna. Jimla ɗaya ce kawai zan faɗa. Na buɗe baki, mutane suka juyo suna kallona, sai na saki tiren a hannunta na shige ɗaki. Ina jin lokacin da suka yi sallama suka tafi.

Kawu ya ga halin da Baba yake ciki, abin ya dame shi. Ya kawo mai gyaran waya da kwamfuta na bakin titi. Mutumin kirki ne, ya cire takalmi, ya yi mana ta'aziyya, ya zauna ya duba. Ya ce, "Gaskiya wannan ba irin aikina ba ne, marigayiyar ce ta haɗa abinta. Abin da na iya shi ne in wanke ta gaba ɗaya in sa sabo, firintar ta riƙa bugawa kamar ta kowa." Kawu ya ce, "To abin da ke ciki fa?" Ya ce zai kwafe abin da ya gani, amma ya lura kin ɗaure abubuwa a wurare da yawa, ba zai yi alkawarin za su sake haɗuwa ba. Kawu ya ce, "Injin da yake bugawa ya fi wanda ba ya yi. A wanke." Suka tsayar da gobe da hantsi za su zo su ɗauka. Kawu ya hango ni a bakin ƙofa ya ce, "Ko Auta tana da magana?" Ya yi dariya kaɗan, ba ta mugunta ba. Kowa ya san Auta ba ta da magana.

Na yi ta tunani a kan abin da kika koya mini. Abin da yake fitowa yanzu ba kyan gani, amma irin wanda ba abin da ya ɓata ne. Saƙon wanmu yana nan, na abokan Baba suna nan, maganganunki duk suna nan a durowarsu. In aka wanke, to an koma ayar tambaya.

Ya Allah, ka jiƙan yayata. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ta ƙi yarda a bar mahaifinta shi kaɗai a cikin shiru, ya Allah kada ka bar ta ita kaɗai. Ka sa kowace kalma da ta isar wa Baba ta zama nauyi a mizaninta, ka sanya ta a Aljanna maɗaukakiya, ka haɗa mu da ita a can.

Ina yi wa Baba ta'aziyya, shi da ya rasa 'ya, ya kuma rasa mai yi masa magana. Ina yi wa Umma, wadda har yanzu take ajiye kofi huɗu da safe sannan ta mayar da ɗaya. Ina yi wa wanmu, da nisa ta hana shi ganin fuskarki ta ƙarshe. Ina yi wa Kawu, da dangi, da abokan aikinki, da duk wanda rashinki ya taɓa. Allah ya ba mu haƙuri. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Saura abu ɗaya, Yaya. Ɗazu da Umma ta shiga wanka, Baba yana gyangyaɗi, na zare kwamfutar da firintar na sa su a jakarki ta aiki. Igiyar na ɗaura mata zare don in san kafarta. Takardar jan rubutun tana aljihun gaba. Jakar tana bayan ƙofar ɗakinmu. Na rubuta wa Baba da maka inda za ni, zan ajiye masa a kan gwangwaninsa. Kin taɓa kai ni ofishinku, na tuna motar da muka shiga da ginin mai koren ƙofa. Gobe kafin Kawu ya iso, na tafi.

Ban san ko Maƙwabciya za ta iya ba. Ban san ko ni zan iya ba. Na rufe ƙofa na gwada faɗin "Sannu, ni ce ƙanwarta" ga madubi, wani lokaci ta fita, wani lokaci ta tsaya a wuya. Idan ta tsaya, zan miƙa takardar in tsaya a wurin har a karanta.

In Allah ya sa ya tashi, layinki zai fara bugawa, ya ce na ɓoye a ɗaki. Ba zan bari a canza ko harafi ɗaya ba. Amma lokacin da zai faɗa, ina tsaye a gabansu.